Hoton Kufai da Komawar Inna Gida

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Lahadi cikin tsakiyar sanyi, mu huɗu ne zaune a wurin cin abinci na gidan hayarmu da ke Hyattsville, nan Amurka: ni, da mahaifiyarku Hajiya Rabi, da ke Ummi, da Inna wadda ta haife ni. Ɗan'uwanki Mustafa yana makaranta a Baltimore, saboda haka duk abin da ya sani game da wannan rana ji ya yi. Na fara da lokaci da waɗanda suke wurin ne domin maganar nan ta daɗe tana yawo a tsakaninku ba kai ba gindi. Abin da kuka riƙe shi ne, Baba ya ɗauki tsohuwa daga inda take da likita da wuta da ruwan famfo, ya mayar da ita garin da 'yan bindiga suka ƙona. Haka ne, na yi. Amma akwai abin da ya zo kafin wannan, akwai kuma abin da ya biyo baya, kuma zan jera muku su kamar yadda suka faru. In kun gama karantawa sai ku yanke hukunci.

Kafin in koma kan Lahadin, dole ku san abu biyu. Na farko shi ne hoton. Na saye shi wajen shekara biyu kafin zuwan Inna, a ƙofar gidan wata tsohuwar Baturiya a Springfield, irin ranar Asabar ɗin nan da suke fito da tarkacen gida su baza a kan ciyawa. Ba hoton ne ya ja ni ba, katakon da gilashin nake so, don in saka takardar gama sakandaren Ummi. Da na zo gida sai takardar ta fi shi faɗi. Ni kuwa ba na zubar da abin da bai lalace ba. Akwai wani rami a bangon wurin cin abinci da mai hayar da ya riga mu ya bari, sai na duba hoton da kyau na ga babu mutum ko dabba a ciki, tunda a falon muke salla, na rataye shi ya rufe ramin. Hoto ne baƙi da fari, na wani sansanin soja mai ganuwa a bakin teku, bayan an gama yaƙi a kansa. Ganuwar ta rushe ta gefe ɗaya har ana hango ruwa, tubali ya zube tuli tuli, ga wata igwa ta faɗo daga kan ƙafafunta ta kife, ga sandar tuta a karye. Matar ta ce na yaƙin basasarsu ne, mijinta ne mai son irin waɗannan abubuwa. Iyakar abin da na sani ke nan, ban kuma nemi ƙari ba. Muna ci muna sha a ƙarƙashinsa, ba mai ɗaga kai.

Na biyu shi ne matsayina a wurin Inna. Ni ne ɗan farinta, kuma ku da kuka tashi a nan ba ku san nauyin wannan ba. A garinmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata ta wajen uba, can na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban fuskata, ba ta zama ta yi hira da ni, in kuma wani yaron maƙwabta yana da irin sunana sai ta laƙaba masa wani. In tana son in san wani abu, ƙanena Lawali take gaya wa ko da ina tsaye a wurin. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Ranar da aka yanka kaza a gidanmu, cinya tana iske ni a ɗakin kaka cikin kwano rufe, ba a cewa daga wa. Haka muka rayu, kowa ya san wurinsa, ba wanda ya ji an tauye shi.

Da aka ƙona garinmu, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Inna ta fito da zanen jikinta, ta zauna wurin Lawali a birni, a ɗaki ɗaya da shi da matarsa da yara. Na yi ta fafutukar takardu har Allah ya sa aka ba ta izinin zuwa. Ranar da ta sauka na ɗauka na gama aikina na ɗa. Abin da ban lissafa ba shi ne, a Hyattsville babu Lawali. Ni ina gadi a wani babban sito a Laurel, in tafi da yamma in dawo da safe. Hajiya Rabi tana aikin kula da tsofaffi, ta fita da safe. Ummi tana karatun aikin jinya, kuma in an yi mata Hausa da Turanci take mayarwa, sai in ta ga dole. Kullum na dawo zan durƙusa a ƙofar ɗakin Inna in ce, “Ina kwana, Inna?” ta kawar da kai ta ce, “Lafiya,” shi ke nan har gobe. Ba ta taɓa kuka da komai ba. Aka saya mata rigar sanyi ta sa, aka kai ta likita ta je, aka hau da ita jirgin ƙasa na Green Line don ta ga gari, ta riƙe ƙarfe ta runtse ido har aka dawo. Na ce a raina tsohuwa ta samu hutu.

To, ranar Lahadin, muna cin tuwon shinkafa da miyar kuka, sai Inna ta tsayar da hannu ta ɗaga kai. Wata biyar tana gidan, ban taɓa ganin ta dubi bangon ba. Sunanta aka sa wa Ummi, shi ya sa suke kiran juna takwara.

“Takwara, wannan wane gari ne aka ci?”

“Ba gari ba ne, Inna,” in ji Ummi da gurguwar Hausarta. “Gidan soja ne. Na nan ƙasar. Tsohon yaƙi.”

“Nan ƙasar? Ke dai faɗi gaskiya, ko Hausar ce ta sake kayar da ke. Su ma ana yi musu haka?”

“Sun yi basasa su ma, Inna,” in ji Hajiya Rabi, “tun ba a haifi kakanninmu ba.”

Inna ta wanke hannu, ta dafa tebur ta miƙe, ta je ta kai hancinta dab da gilashin. Ta daɗe a tsaye.

“Ikon Allah. Ashe kowa da kufansa.” Can kuma ta ce, “Amma mutanen nan sun dawo.”

Ummi ta yi dariya. “Inna, babu kowa a ciki. Baba ya duba kafin ya rataye.”

“Ke da idonki huɗu ba ki gani ba, sai ni mai yana? Wa ya share wannan 'yar hanyar, aljani? Dubi tubalin nan na kusurwa, masu lafiya gefe guda, fasassu gefe guda. Ga guga a ajiye. Mai niyyar gudu ba ya jera tubali.”

Bayan an tashi na je na duba. Hanyar tana nan, siririya, tsakanin tulin tubali. Gugan ma yana nan.

Daga ranar Inna ta sauya wurin zama. In na dawo daga aiki na zauna shan kunu, sai ta fito ta ja kujera gaban hoton, ta ba ni baya, ta fara magana. Da farko zancen gini ne. Ta ce mutanen nan in suna da hankali ba za su je neman sabuwar ƙasa ba, tsohuwar katangar za su farfasa, su jiƙa ta, su zuba ciyawa su tattake, domin ƙasar da ta taɓa zama ɗaki ta fi jin magana. Na so in ce mata wannan jan bulo ne, ba ya jiƙuwa, amma ba a gyara wa uwa zance, balle ni. Wata safiya ta ce gonar kufai ba ta buƙatar taki, ko tsakuwa ka shuka a kan toka sai ta yi yaɗo. Wata safiyar ta ce damina in ta sauka a kan katangar da ba rufi, shekara biyu sun isa su mayar da ita tudu, daga nan ko mai gidan ba zai gane inda ɗakinsa yake ba. Ina ji ina shan kununa, ina jin daɗi ma, tunda gidan ya samu murya.

Sai zancen ya sauya. Ta fara sa mutane a ciki.

“Akwai wata tsohuwa cikin mutanen nan,” ta ce wa gilashin. “An kai ta wuri mai kyau. Kullum nama, kullum ruwan zafi. Ba ta raina ba, Allah ya sani. Amma rijiyarta take tunani, ko an jefa mata mushe a ciki. Da kabarin mai gidanta, ko ciyawa ta cinye shi.”

Ni mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Na dubi hoton, babu tsohuwa, babu rijiya. Na ce a raina ruɗewar tsufa ta fara. Na gaya wa Ummi, ita kuma ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Turanci, dalla dalla. Ta ce wanda ya ga irin abin da Inna ta gani bai kamata a bar masa hoton rusau a gabansa ba, yana tayar masa da abin da ya kwanta, kuma haka aka koya musu. Magana ce mai tsari, kuma don ƙaunar kakarta ta yi ta, na yarda. Ta sauke hoton ta tura bayan kabad, ta rataya allon Ayatul Kursiyyu a wurin. Da safe Inna ta fito, ta ja kujerarta, ta ɗaga kai. Ta ce, “Masha Allah.” Ta mayar da kujerar ta koma ɗaki. Wane Musulmi ne zai ce a sauke ayar Allah a mayar masa da kufai?

Shiru ya dawo gidan, ya kuma fi na da nauyi. Abinci sai ta taɓa ta rufe. Zanenta ya fara yi mata yawa. Muka koma wurin likita, ya auna abin da zai auna, ya ƙara wani magani, ba abin da ya sauya. Wata Asabar na kai Hajiya Rabi shagon kayan abincinmu na Afirka, mun tsaya a wurin ajiye motoci ke nan, ta hana ni buɗe ƙofa.

“Malam, in tambaye ka. Zancen hoton nan da Inna take yi, ka taɓa jin ta yi shi ba ka nan?”

“Ina zan ji, tunda ba na nan?”

“To ni ranakun hutuna ina nan. Ba ta yi. Wuni take ba ta dubi bangon ba. Sai ta ji makullinka a ƙofa take jan kujera.”

Ta ci gaba.

“Kai da ka tashi a garinku ni zan gaya wa? Can tana da Lawali. Nan wa take da shi? Ta samu ɗan aike, kun ɗauke shi kun tura bayan kabad. Gida take so, Malam. Wata guda tana gaya maka.”

“Me ya hana ki faɗa tun farko?”

“Ni? In buɗe baki in ce a mayar da uwar miji gida? Kafin la'asar labari ya kai Laurel, an ce Rabi ta gaji da wankin tsohuwa. Yau ma don na ga tana ƙarewa ne.”

Ranar ban iya sayen komai ba, ita ta shiga ta fito. Da muka koma gida na ɗauki allon ayar na mayar da shi saman ƙofar falo, inda ya fi dacewa da shi, na ciro hoton na goge gilashin na rataye. Washegari da na dawo daga aiki na gaishe ta kamar kullum, na zauna. Ta fito, ta gani, ta tsaya. Ta ja kujera ta zauna. Na ga in ban fara ba, ba za a fara ba. Sai na ture kofin kunu, na juya kujerata ni ma na fuskanci bango, na gyara murya. Ina da shekara hamsin da 'yan kai a lokacin, kuma wannan ce hira ta farko da na taɓa yi da mahaifiyata.

“Mutanen nan da suka dawo,” na ce wa hoton, “wa ya ba su tabbacin ba za a sake zuwar musu ba?”

Har na ɗauka na yi rashin kunya, sai ta amsa.

“Ba wanda ya ba su. Can inda aka kai su ma, wa ya ba su tabbacin kwana?”

“Can akwai likita.”

“Akwai, kuma yana da kirki, hannunsa ne dai da sanyi. Amma in tsohuwar ta mutu can, baƙi ne za su yi mata wanka, sai sun duba takarda kafin su san sunanta.”

“Ɗan tsohuwar fa? In wani abu ya same ta, da wane ido zai dubi mutane?”

“Ɗan tsohuwar ya yi abin da ɗa yake yi har ya zarce. Tsuntsun da ka kama don kada ruwa ya dake shi, in ruwa ya ɗauke ai sai ka buɗe hannu.”

“Ruwan bai ɗauke ba tukuna.”

“Ya tsagaita. Tsohuwar ba ta da kwanakin jiran rana ta fito.”

Ashe Ummi tana tsaye a ƙofar kicin da jakar makarantarta.

“Baba, da bango kake shawara?” Ta juya wurin kakarta. “Takwara, ba inda za ki. Ni zan hana.”

“Ke? Da wannan bakin naki da ba ya iya kiran ƙwarya? Je ki makaranta, 'yar nema, ki bar manya su gana.”

Inna dariya ta yi, ta farko cikin makonni. Ummi ba ta yi ba.

Ban yanke a ranar ba, domin ba na yanke abu a zaune ɗaya. Na sa sharuɗɗa, na kuma faɗe su a gaban hoton don mai ji ta ji. Da farko Lawali zai je garin da kansa, ya kwana, ya duba rijiya, ya ga su wa suka koma, ya gana da mai gari. Bayan haka, ba za ta zauna ita kaɗai ba, sai in shi da iyalinsa sun yarda su koma tare da ita don ra'ayin kansu, ba don ni ba. Sannan maganin hawan jininta ba zai yanke ba, kuma duk ranar da mai gari ya ce a fita, za ta fita ba gardama. Inna ta ce wa gilashin tsohuwar ta ji, ta kuma yarda, sai dai a gaya wa ɗanta ya cika dogon lissafi kamar ubansa.

Lawali ya je ya dawo ya kira ni. Ba zan ƙawata muku abin da ya faɗa ba. Ya ce gidaje kaɗan ne suka koma, yawanci tsofaffi. Rijiyarmu lafiya, ta dai cika da ganye. Ɗakunanmu duk ba rufi, amma katanga tana tsaye. Ya ce an samu sauƙi, akwai masu tsaro a garin da ke kusa, amma ba wanda zai rantse maka an gama. Shi kansa ya gaji da dako a kasuwar birni alhali gonarsa tana kwance, ya ce in Inna za ta koma, ƙafarsa ƙafarta. Na yi istihara, na sake yi. Na kuma san cewa in ta daɗe a can katin zamanta na nan zai mutu, ƙofar da na sha wahalar buɗewa za ta rufe, ba kuma lalle ta sake buɗuwa ba. Na auna wannan duka. A gefe ɗaya ga tsaro da magani da tsohuwa tana narkewa a ɗaki kamar gishiri a ruwa. A ɗaya gefen ga haɗari na gaske da abin da ita ta zaɓa da hankalinta cikakke. Na sayi tikiti biyu.

Abin da wannan ya ci mini, ku ma kun san wani sashe. A masallacinmu akwai waɗanda suka daina ba ni hannu da kyau. Wani likita ɗan garin su Hajiya Rabi ya tare ni bayan Juma'a ya ce, “Malam, mutane suna sayar da gona su fito da iyayensu, kai kana mayar da taka bakin kura?” Na ce masa na ji, na gode. Mustafa ya kira daga Baltimore ya yi ta faɗa har na ajiye wayar a kan tebur na bar shi ya gama. Amma maganar da ta fi yi mini ciwo ita ce ta Ummi. A filin jirgi ta rungume kakarta ta yi kuka, Inna tana cewa, “Sake ni, kada ki jiƙa mini mayafi, ai ba ni da wani.” Sannan Ummi ta juyo gare ni ta ce, “In aka kashe ta, kai ka kashe ta.” Da Hausa ta faɗa, babu kuskure ko ɗaya. Daga ranar, tsakanina da ke, Ummi, sai gaisuwa da abin da ya zama dole, kuma har yau ba mu koma yadda muke ba.

Mun isa garin ana saura kaɗan damina ta faɗi. Ni da na girma a wurin sai da na tsaya ina neman ƙofar gidanmu, domin zauren ya zube, bangon duk baƙin hayaƙi. Inna ba ta tsaya ba. Ta ratsa ta inda zauren yake a da, ta shiga tsakar gida, ta leƙa rijiya, ta je ta tsaya a bakin ɗakinta. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta kwance ɗaurin kayanta, ta ciro tsintsiya. A shagon Hyattsville ta sa Hajiya Rabi ta saya mata, tsintsiyar da aka kawo daga gida aka sayar mana da tsada, ita kuma ta sake mayar da ita gida. Ta duƙa ta fara shara daga bakin ɗaki zuwa rijiya. Ba ta kai rabi ba wata tsohuwa ta leƙo ta katanga, ƙawarta Gwamma, wadda aka kai su ɗakin miji shekara ɗaya.

“Wa nake gani? 'Yar Amurka! An ce kin zama Baturiya, da cokali kike cin tuwo.”

“Ƙarya suke yi. Ke kuma an ce kin mutu, na ce ina, mugun iri ba ya ƙarewa da wuri. Miƙo mini garwashi.”

Kafin magariba hayaƙi yana tashi daga gidanmu. Na yi mako uku a can. Ni da Lawali da wasu samari muka farfasa katangar da ta tsage, muka jiƙa, muka tattake da ciyawa, muka ɗora, muka yi rufi. Hannuna da ya saba da makulli da tocila duk ya yi kanta. Ranar da zan tafi na durƙusa na yi mata sallama. Ta kawar da kai kamar kullum, ta kira Lawali, yana can bakin rijiya, sai da ya zo.

“Ka ce masa Allah ya yi masa albarka. Ka ce masa na yafe masa duniya da lahira, ko da yake bai yi mini komai ba.”

Lawali ya juyo ya maimaita mini, kalma bayan kalma, ina durƙushe a gabanta.

Inna ta yi damina shida a gidanta. Ba zan ce muku duk lafiya aka yi su ba. Sau biyu mai gari ya ce a fita, ta fita kamar yadda ta yi alkawari, suka kwana a garin maƙwabta suka dawo, sau ɗaya an kore musu awaki. Duk lokacin da waya ta yi ƙara ina wurin gadi sai in ɗauka mugun labari ne, shekara shida haka, kuma wannan ma yana cikin abin da na biya. Amma ta yi ƙiba. Ta shuka kuɓewa da kabewa a inda zaure ya zube, suka yi har tana rabawa. Mutanen unguwarmu da ke zaune a birni suka riƙa jin cewa tsohuwar da aka kai Amurka ta dawo ta hura wuta, wasu suka ji kunya, wasu suka ji ƙarfi, suka fara komawa ɗaya bayan ɗaya. Na je sau biyu na same ta tana faɗa da kaji. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, na kwana kaɗan, a kan gadonta. Gwamma ce ta yi mata wanka, aka kai ta kusa da mahaifinmu. Yau gidan cike yake da 'ya'yan Lawali da jikokinsa, kuma an sake buɗe makarantar garin.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya muku ba, domin lokacin ba mai sauraro. A daminarta ta uku Inna ta sa Lawali ya ƙara ɗaki ɗaya kusa da nata, ƙarami, mai taga ta gabas. Ta sa aka yi masa daɓe, ta sayi tabarma da sabon gidan sauro ta ajiye a ciki. Da matar Lawali ta nemi ta zuba gero a wurin, ta hana. Ta ce na takwararta ne, za ta zo in ta huce. Har yau Lawali bai bar kowa ya kwana a ciki ba, duk shekara yana yi masa yaɓe tare da sauran.

Ummi, bayan ƙaramar salla zan je gida, kuma gwiwoyina suna gaya mini tafiye-tafiyen da suka rage ba su da yawa. Ba na neman ki ce na yi daidai. Ki ɗauki hutu a asibitinku, ki bar yara wurin mahaifiyarki, ki zo mu tafi tare. Ki kwana a ɗakin nan ko dare ɗaya ne, ki sha ruwan rijiyar, ki gaida Gwamma tun tana da rai. Bayan haka duk abin da kika yanke a kaina, na karɓa.